Faman da na sha kafin na samu fad ɗin gwiwa da ya zauna min a ƙafa

Ɗinki 6 aka yi min a gwiwar dama, kuma wallahi abin da ya fi damuna a lokacin ba zafin ciwon ba ne, sallah ce. Sati uku cur ina sallah a kan kujera, can gefen bango inda dattijan unguwa ke zama, in liman ya yi sujada ni sai dai in sunkuyar da kai kawai, saboda gwiwa in ta tsage a daidai ƙoƙon nan duk lanƙwasawar da ka yi bakin ciwon kake buɗewa. Ranar da abin ya faru ƙarshen damina ne, mun fita hawan keke da sassafe mu biyar wajen duwatsun Shere, gabas da Jos, mun gama hawa lafiya muna gangarowa ta wata 'yar siririyar hanyar ƙafa da ruwa ya zaizaye ya bar tsakuwa a kan fa, na danna birkin gaba fiye da kima tayar ta zame, ban ankara ba sai ji na na yi a ƙasa, gwiwa ce ta fara sauka a kan dutse. Ko gudu ba na yi sosai fa. Hular kwano tana kaina, safar hannu tana hannuna, gwiwa ce kawai babu komai a kanta sai yadin wando, kuma nan ɗin ne dutsen ya samu.

Da na warke maman yara ta ce min, "Maigida, zaɓi ɗaya cikin biyu, ko ka nemi abin da zai kare maka gwiwar nan ko keken ya bar gidan nan." Ban yi musu ba don gaskiyarta ce, ita ta yi jinyar. To daga nan na shiga neman abin da 'yan keke ke kira fad, kariyar gwiwa kenan, kuma na ɗauka abu ne na kwana ɗaya, ka je kasuwa ka saya ka ɗaura. Sai da na yi watanni kafin na samu wanda na natsu da shi, shi ya sa na ce bari in zayyana yadda na bi, ko wani zai huta da ɓarnar kuɗin da na yi.

Na farko wajen 'yan gwanjo na samo shi, baƙi, mai laushi kamar safa da ɗan soso a gaba, irin wanda 'yan wasan ƙwallon raga ke sawa. A tsaye a gida daɗi, ba nauyi, ba takura. Amma ina fara taka feda ko minti goma ba a yi ba ya sulale ya koma ƙwauri, in ja shi sama ya sake saukowa, kuma ko da ya tsaya ɗin soson nan an yi shi ne don daɓen siminti mai santsi ko katako, ba don dutse mai kaifi ba, da yatsa ma in ka matsa shi sai ka ji ƙashinka. Fita biyu na yi da shi na ajiye.

Na biyun shi ne ya koya min darasi. Na ce tunda mai laushi bai yi ba bari in nemi mai tauri, sai na sayi irin na masu manyan babura, roba mai ƙarfi tun daga saman gwiwa har kusan idon sawu, da maɗaurai uku masu mannewa ta baya. In ka gan shi ka san ko guduma aka buga maka ba za ka ji ba. Matsalar ita ce mai babur a zaune yake, ƙafarsa ba ta aiki, shi kuwa mai keke a minti ɗaya sai ya lanƙwasa gwiwa ya miƙe sau 70 ko 80, ka lissafa hawan awa ɗaya da rabi, sau dubbai kenan maɗaurin nan na tsakiya yana goga maka fatar bayan gwiwa, wurin da ya fi ko'ina taushi kuma nan gumi ke taruwa. Ranar farko na dawo gida wurin ya yi ja, ranar ta biyu ya sale, ruwan wanka in ya taɓa kamar an zuba barkono. Sai na ƙirƙiro dabara: in za mu hau tudu in cire su in rataya a bayan jaka, in mun kai sama in tsaya in ɗaura sannan mu gangaro. Da farko ina yi tsakani da Allah. Daga baya sai ya zama in gangaren gajere ne sai in ce ai wannan ba komai, ba sai na tsayar da mutane ba, kuma duk wanda ya san hanyoyin Filato ya san ba hawa ɗaya da sauka ɗaya ba ne, hawa da sauka ne a cakuɗe, ka hau ɗan tudu ka faɗa kwazazzabo ka sake hawa, ba yadda za a yi ka riƙa cirewa kana sawa kowane minti biyar.

Wata Asabar muna zagaye ta wajen tsofaffin kududdufan haƙar kuza na Rayfield, a wuri mai sauƙi ma, taya ta shiga yashi na kife gefe, gwiwar hagu ta ƙuje a kan burji, fad ɗin nan biyu suna lilo a bayan jakata. Allah ya taƙaita, ƙujewa ce kawai, aidin da bandeji suka wadatar. Akwai wani dattijo da muke fita tare, ɗan asalin Filato, ya yi ritaya amma har yanzu a hawa sai ya bar yawancinmu a baya, Baba muke ce masa. Ya tsaya ya dube ni ya dubi jakar ya ce, "Ɗana, jakarka ce ke da gwiwa?" Sannan ya ɗaga ƙafar wandonsa ya nuna min nasa, siriri, ya lafe a ƙafa kamar fata, ya ce tun da ya fito daga gida yake sanye da shi kuma sai ya koma zai cire, har mantawa yake yana jikinsa. Na ce Baba wannan ɗan abin zai tare dutse kuwa? Ya ce in taɓa. Na matsa da yatsa a hankali ya lotsa kamar danƙo, ya ce to yanzu buga da ƙarfi, na kai masa naushi sai na ji kamar na bugi tafin takalmi.

Abin ya ɗaure min kai sai da na je na bincika. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai dama koko ya san gasara, in ta kwanta a roba da ɗan ruwa a kanta, ka sa yatsa a hankali sai ya nutse, amma ka caka mata cokali da sauri sai ta cije ta yi tauri kamar sabulu, ka ɗebo ta a hannu ka daina matsawa sai ta narke ta zube ta tsakanin yatsu. To kusan haka soson cikin waɗannan fad ɗin yake aiki, in motsi a hankali ne yana bin lanƙwasar gwiwa, in bugu ne na farat ɗaya sai ya ƙanƙame ya baza ƙarfin bugun a faɗin wurin maimakon ya taru a kan ƙashi, bayan nan ya koma yadda yake. Wanda aka fi sani shi ne D3O, na wani kamfanin Ingila, ruwan lemo ne launinsa, ya yi suna ne tun da 'yan wasan zamiyar ƙanƙara na Amurka da Kanada suka sa shi a kayansu a gasar Olamfik ta hunturu ta 2006. Akwai SAS-TEC na Jamus, kamfanin POC na Suwidin nasu VPD suke kiransa, Leatt na Afirka ta Kudu su ma suna da nasu, haka G-Form na Amurka. Sunaye dai daban-daban amma dabarar kusan ɗaya ce.

Sai kuma maganar 'yar takardar da ake ɗinkewa a ciki, wadda da ban taɓa kula da ita ba. Baba ne ya juya nasa ya nuna min, akwai ɗan hoton mutum a kan babur, a ƙasa an rubuta EN 1621-1. Wannan ma'aunin Turai ne da asali aka yi don kayan masu babur amma shi masu yin fad ɗin keke ke bi. Yadda ake gwajin, ƙarfe mai nauyin kilo 5 ake sakowa a kan fad ɗin daga tsayin kusan mita ɗaya, sai a auna ƙarfin da ya ratsa ya isa ƙasa. In matsakaicin abin da ya ratsa bai wuce kilonutan (ma'aunin ƙarfi) 35 ba mataki na 1 kenan, in bai wuce 20 ba mataki na 2, wato na 2 ya fi shanye bugu, amma galibi ya fi kauri ya fi zafi. Akwai harafin K wanda ke nufin na gwiwa ne, da A ko B, B ya fi A faɗin wurin da yake rufewa. Wasu kuma za ka ga T+ ko T-, alamar an gwada su a zafin digiri 40 ko a sanyin 10 ƙasa da sifili. Na koma gida na duba biyun da na saya, babu wanda ke da ko ɗaya daga cikin alamomin nan. Ni dai tun daga ranar duk fad ɗin da ba shi da wannan takarda ba na ko tambayar kuɗinsa, kuma ko yana da ita in kuɗin ya yi araha fiye da hankali ina ja da baya, don jabu sun yi yawa, kuma buga tambari a ƙyalle ba wuya ba ne.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Soso mai kyau a fad ɗin da bai yi maka daidai ba, ƙarshenta jaka zai koma kamar nawa. Awo shi ne kan gaba, kuma shi ne abin da na tsallake har sau biyu, ina sayen abu da ido. Kowane kamfani yana da jadawalin awonsa, yawanci wuri biyu suke so: kaurin cinya santimita 10 sama da tsakiyar ƙoƙon gwiwa, da kaurin sha-raɓa a inda ya fi kauri, wasu kuma su ce a auna wani adadi ƙasa da gwiwa, don haka sai ka duba na wanda za ka saya, M ɗin wannan kamfani zai iya zama L a wancan. Na je wajen telana da yamma na ce Malam yau ba ɗinki na kawo ba, aron tef ɗinka da hannunka nake so. Ya yi dariya ya ce bismillah Alhaji, ya durƙusa ya sa alli ya yi alama a inda santimita 10 ya tsaya, ina tsaye ƙafa a sake ba a ƙanƙame ba. Cinyar hagu 45, ta dama 43 da rabi. Ya sake aunawa don ya ɗauka kuskure ne, haka dai ya fito. Ashe satuttukan da na yi ina ɗingishi ina lallaɓa ƙafar dama sun sa naman cinyar ya ɗan zube, kuma ko ba ciwo ma mutane da yawa ƙafafunsu ba daidai suke cif ba. Sha-raɓa kuma 37 duka biyun. Wannan awon ya sa na faɗa tsakanin sayiz biyu a jadawalin kamfanoni da dama, cinya tana cewa L, sha-raɓa tana cewa M.

Tunda ba mu da shagon da za ka shiga ka gwada kala biyar ka zaɓa, sai na bi abokan hawa ɗaya bayan ɗaya ina aro, kuma Allah ya saka musu da alheri ba wanda ya hana ni, wani ma wankewa ya yi ya kawo min har gida. Kala uku na gwada cikin sati huɗu, kowanne na yi cikakkiyar fita da shi, don na riga na gane gwajin tsakar gida yaudara ne, duk fad daɗi gare shi a minti biyar na farko.

Na farkon irin na Baba ne, kamar doguwar safa, ana zura shi ta ƙafa, babu maɗauri ko ɗaya sai zoben roba mai danƙo, silikon, a bakin sama da na ƙasa ta ciki, shi ke kama fata. A hawa babu kamarsa, iska na shiga ta ragar baya, ka manta da shi. Abin da na lura shi ne gefen gwiwa a buɗe yake, soson gaba kawai ya rufe, ni kuwa faɗuwata ta biyu ta gefe ce, kuma sau da yawa in taya ta zame ƙarfen keken ne da kansa ke bugun cikin gwiwa. Na biyun babba ne, mataki na 2, da soso a gefe da gefe da maɗauri sama da ƙasa, irin na masu gangaren tsaunuka da ake kai su sama a mota su sauko kawai. A gangare na ji wata natsuwa da ban taɓa ji ba, amma a hawa da rana ta take gumi har cikin safa, kuma wandona bai rufe shi ba sai da ƙyar. Wannan maganar wandon ba ƙarama ba ce a wurina, ni ba na fita da gajeren wando, dogo nake sawa ko mai tsayawa ƙasa da gwiwa sosai, saboda muna ratsa ƙauyuka da gonakin mutane kuma sallah na iya riskar mu a hanya, to dole fad ya zama wanda zai shige ƙarƙashin wando ba tare da yadin ya ɗaure a kansa yana jan shi ƙasa duk takun feda ba. In wandon ya matse a gwiwa, shi da kansa zai riƙa sauke maka fad ɗin komai kyansa.

Na ukun mai zif ne a gefe, irin tsarin K-Pact Zip na kamfanin ION, ba sai ka cire takalmi ba kafin ka sa ko ka cire. Mai shi yana son sa sosai saboda yakan tuƙo keken daga cikin gari ne sai ya isa bakin daji ya ɗaura. Ni kuma da na yi tunani sai na ga ai sauƙin cirewar nan shi ne ya kai ni ga ƙujewar Rayfield, abin da nake nema shi ne wanda ba zan ma ji sha'awar cirewa ba. Wannan ra'ayina ne kawai a kan halina, wani zif ɗin ne zai fi masa.

A cikin aron nan ne na tsara wa kaina gwajin da nake yi wa kowanne, kuma ina ganin ya fi duk wani bayanin da ke jikin kwali amfani. In na sa, sai in tsuguna har ƙasa in tashi sau goma, in ga ko bakin sama yana naɗewa ko yana buɗe baki. Sai in yi zaman tahiya na minti biyu, don babu abin da ke tona asirin bayan fad kamar wannan zaman, in akwai ɗinki mai kauri ko yadi da ke tattarewa a lanƙwasar gwiwa nan take za ka ji yana cizon ka, kuma abin da ya cije ka a minti biyu a zaune shi zai sale ka a awa biyu a kan sirdi. Sai in sa tafin hannu a kan soson in tura shi ƙasa da ƙarfi, in kuma murɗa shi gefe, saboda lokacin faɗuwa ba bugu kawai ake yi ba, ja ake yi a ƙasa, in hannunka ya iya gusar da shi daga kan ƙoƙon gwiwa to dutse ma zai gusar, bugun farko ya tare na biyu ya same ka tsirara. Na ƙarshe, bayan minti ashirin ina tuƙi sai in duba yatsun ƙafa da sha-raɓa, in na ji kamar ƙafa za ta yi barci to ya matse da yawa. Shaidar roba a fata bayan an cire ba komai ba ce, in dai ta ɓace cikin ɗan lokaci.

Wani abu kuma da na gane, fad mai kyau in ka ajiye shi a ƙasa ba ya miƙewa sambal, a ɗan lanƙwashe yake kamar gwiwar mai zaune a kan keke. In ka tsaya da shi a miƙe sai ka ga ya ɗan yi tsini a gaba kamar bai zauna ba, kar wannan ya dame ka, ba don tsayuwa aka yi shi ba. Tsawon yadin fad ɗin ta sama ma yana da muhimmanci, wanda ya hau cinya sosai ya fi zama, don yana kama wurin da naman bai cika motsi ba, gajere kuwa a daidai inda cinya ke kumbura tana sacewa yake tsayawa, shi ya sa yake sulalewa.

Daga ƙarshe na tsayar da shawara a kan matsakaici: mai zurawa kamar safa, doguwar cinya, soso mai cijewa mataki na 1 amma B mai faɗi, da ƙananan soso a gefe biyu, da maɗauri guda ɗaya tak a saman sha-raɓa ta baya, ƙasa da lanƙwasar, ba a cikinta ba. Wannan maɗauri ɗayan shi ya warware min matsalar faɗawa tsakanin sayiz biyu, na ɗauki L saboda cinya, na bar maɗaurin ya cike ratar sha-raɓa. Kuma hikimarsa ita ce tudun sha-raɓa ke tokare shi, ba sai an ɗaure tamau ba. Masu suna irin waɗannan daga dala 60 zuwa sama da 100 ake sayar da su, in ka juya zuwa naira sai gabanka ya faɗi, amma da na haɗa kuɗin biyun da na watsar da na ɗinki da magani da satuttukan da ban fita aiki sosai ba sai na ga lissafin ba haka yake ba. Ƙanena da ke karatu a Ingila na tura wa awon da hoton jadawalin, ya kira ni ya ce, "Yaya ka tabbata L? A hoto fa ƙafarka ba ta kai haka ba." Na ce kai dai sayo abin da tef ya faɗa. Da zai zo hutun ƙarshen shekara ya taho min da shi a jaka.

Ranar da na fara fita da shi tsakiyar hunturu ne, kuma wanda ya san Jos a Disamba da Janairu ya san sanyin asuba, gari ne da ke sama da mita 1,200, wani lokacin awon sanyi har ƙasa da digiri 10 yake sauka. Na ɗauko fad ɗin daga inda na ajiye shi kusa da taga na ji shi ƙanƙam kamar busasshen ƙirgi, raina ya ɓaci na ce shi kenan an sake. Ashe halin irin wannan soson ne, sanyi na sa shi tauri, ɗumin jiki na sake shi. Kafin mu wuce Lamingo ya yi laushi ya bi ƙafa. Yanzu in na tashi sallar asuba sai in sa su tun a gida ƙarƙashin wando, kafin in gama shan shayi sun ɗumama, kuma na daina ajiye su kusa da taga.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Fita biyun farko zoben silikon ɗin sama ya riƙa jan gashin cinya, kuma na samu 'yan ƙuraje a layin da ya kwanta, musamman da yake ina shafa man kaɗanya saboda bushewar hunturu, man ya haɗu da ƙura da gumi, sannan yana sa robar santsi ta kasa kamawa. Na daina shafa mai a wurin ranar fita, sai in na dawo na yi wanka. Wajen sawa kuma na koyi in naɗe bakin saman waje, in ja fad ɗin har ya zauna a kan ƙoƙo, sannan in warware bakin a kan fata, maimakon in ja shi yana kartar gashi tun daga ƙasa. Na dama wanda cinyarsa ta fi siriri yana ɗan sauka kamar faɗin yatsa ɗaya bayan awa guda, sai in ja shi sau ɗaya ya zauna, kuma da ƙafar ta ci gaba da murmurewa ya rage.

Wanki ma sai da na koya. Duk fita biyu nake wankewa, in rana ta yi zafi kowace fita, don gishirin gumi in ya bushe a yadin shi ke mayar da shi kamar sandfefa a bayan gwiwa, yawancin salewar da mutane ke ɗora wa fad datti ne. Nawa soson yana zaruwa ta wani ɗan aljihu a ciki, sai in zare in goge shi da tsumma mai danshi, rigar kuma in wanke da hannu da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ba matsewa da murɗawa, in shanya a inuwa. Rana da ruwan zafi suna kashe roba, in ta saki kuwa fad ya gama aiki ko da soson lafiyarsa ƙalau.

Wajen watan Maris muka koma Shere, ta hanyar nan dai da na tsage gwiwa. Ban faɗi a wurin ba, na sauko a hankali, nauyi a baya, birki biyu tare. Can ƙasa ne kusa da wani shingen ƙerana na bakin gona, inda ba wanda zai yi zaton faɗuwa, feda ta daki wani kan dutse da ciyawa ta rufe, keken ya tsaya cak ni na wuce, gwiwar dama dai ita ta sake sauka. Na ji bugun, ba zan ce ban ji ba, amma kamar an buge ka ta bayan katifa. Na zauna na ɗaga wando gabana na faɗuwa, wandon ya yage, yadin gaban fad ɗin ya ƙuje ya yi fari, bai gusa daga kan ƙoƙon ba ko kaɗan, na zare shi na duba tabon ɗinkin nan shida yana nan yadda yake, ko ja bai yi ba. A lokacin awa uku kenan da rabi yana ƙafata, tun daga gida. Baba ya juyo ya ce lafiya dai ɗana? Na ce lafiya lau Baba, ya ce to hau mu tafi rana na yi.

Da na dawo na zare soson na ɗaga shi a haske na lanƙwasa shi ta ko'ina ina neman tsaga ko wurin da ya lotsa bai dawo ba, don in ya tsage canzawa ake yi, ban ga komai ba. Ragar bayan na hagu ce ta ɗan ɓule a inda ƙusoshin feda suka kama ta wata rana ina tura keken a tudu, na kai wa telan nan ya kama min da zare mai roba, ya ce in ta ƙara buɗewa in kawo ya sa mata ƙyalle ta ciki, amma na ce masa kar ɗinkin ya kai lanƙwasar gwiwa, ya tsaya ƙasa da ita da kamar yatsa biyu.